Shin motoci za su iya yi wa juna gargaɗi a hanyar Bauchi zuwa Gombe?

Ɗan Tumfure:

Assalamu alaikum. Makon jiya ina dawowa daga Bauchi bayan sallar isha'i, na wuce Alkaleri kaɗan, sai na tarar da tirela ta lalace a bayan wata kwana, babu fitila ko ɗaya a jikinta. Abin da aka ajiye a titi domin gargaɗi shi ne rassan ganye guda uku, kuma ban gan su ba sai da tayar gaba ta taka su. Na danne birki har motar ta karkata, maiɗakina da ke baya rungume da jariri ta bugi kujerar gaba da goshi, amma Allah ya tsare, muka tsaya saura ƙiris mu shige ƙarƙashin tirelar. Da na ba ƙanena labari, sai ya ce a ƙasashen waje akwai motocin da ke aika wa juna saƙo ta iska, ta yadda wadda ta tsaya za ta sanar da mai zuwa tun kafin direba ya hango ta. Ina roƙon masana su fayyace mini yadda abin yake aiki, da kuma ko zai yi amfani a hanyoyinmu.

Malamin Lantarki, Yelwa:

Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya ƙara tsarewa. Ƙaninka ya faɗi gaskiya. Ana sa wa mota ƙaramar na'urar rediyo wadda ke haɗe da GPS da kwamfutar motar, tana shelanta inda motar take, da saurinta, da inda ta dosa, da ko an taka birki, kimanin sau 10 a kowace daƙiƙa. Duk motar da ke kusa mai irin na'urar za ta ji, ta lissafa ko akwai haɗari, sannan ta yi wa direba ƙara ko ta nuna masa alama a gabansa. Saƙon yana tafiya kai tsaye daga mota zuwa mota, ba ya bi ta eriyar kamfanin waya, don haka rashin sabis a daji ba ya hana shi aiki.

Nisan da aka saba ambatawa shi ne kimanin mita 300. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, ka ga da kana da gargaɗin daƙiƙa 10 ko fiye kafin ka isa tirelar, alhali ganyen nan bai ba ka ko daƙiƙa biyu ba. Fifikon rediyo a kan ido, har ma a kan kyamarar da ke jikin sababbin motoci, shi ne duhu da ƙurar hunturu ba sa tare shi, kuma sau da yawa yana kai wa motar da ke bayan kwana ko bayan wata babbar mota.

Tsari biyu ne suka daɗe suna gogayya. Na farko ɗan uwan Wi-Fi ne, ana kiransa DSRC a Amurka, kuma tun 1999 hukumar sadarwa ta ƙasar ta ware masa wani yanki na zangon rediyo mai faɗin megahaz 75 a wajen gigahaz 5.9. An gwada shi a birnin Ann Arbor daga 2012 da motoci kusan 3,000, Cadillac ta sa shi a ƙirar CTS ta 2017, Volkswagen kuma ta sa irinsa na Turai a Golf ta takwas da ta fito a 2019. Na biyu shi ne C-V2X, wanda ya samo asali daga fasahar wayar salula, kuma Sin ta rungume shi. A 2020 Amurka ta janye megahaz 45 daga cikin 75 ɗin ta ba Wi-Fi, saboda shekara ashirin sun wuce motoci kaɗan ne suka yi amfani da zangon, ragowar 30 kuma ta karkata su ga C-V2X.

Tsohon Direba, Tashar Dukku:

Malam, mun gode da ilimi, amma ni da na yi shekara talatin ina jan mota tsakanin Gombe da Yola da Jos, ina ganin tambayar ɗan uwanmu tana da amsa mai ɗaci. Tirelar da ba ta da fitilar baya, wadda yaron motarta bai iya ajiye sikoshin, wato alamar gargaɗi mai kusurwa uku, ba sai ganye, wa zai sa mata rediyon da ke magana da wasu motoci? Abin nan sai da biyu yake aiki, mai faɗa da mai ji, kuma mafi yawan motocinmu tsofaffi ne da aka gama morarsu a Turai. Na ga lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta na'urar ƙayyade gudu a motocin haya a 2017, kuma na ga direbobi da idona suna kai wa mai wayarin ya kashe ta. Mu ma muna da namu saƙon tun da can: na gaba ya walƙa maka fitila, ko ya fito da hannu yana kaɗawa ƙasa, ka san akwai abu a gaba. Sai dai wannan yana bukatar wani ya riga ka wucewa, kuma ya kasance mai imani.

Maman Sadiq, Bauchi:

Baba Direba ya taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. A cikin gari, daga Wunti zuwa kasuwar Muda Lawal, babura da Keke Napep da masu tafiya a ƙasa ne suka cika titi, to su ina matsayinsu a wannan tsari? Sannan ina jin tsoron motar da ke shelanta inda take a kowane lokaci, a zamanin da ake tare hanya ana ɗaukar mutane.

Malamin Lantarki, Yelwa:

Baba, maganarka dutse ce, kuma ita ce ta daƙile abin har a Amurka. Shi ya sa a ganina bai kamata mu fara da ƙananan motoci ba. Da za a fara da tireloli da tankokin mai da motocin siminti, waɗanda suke da kamfanoni da rajista kuma ɓarnarsu ta fi muni, sannan a kafa na'urori a bakin titi a wurare kamar gangaren shiga Gombe daga Tumfure, waɗanda za su karɓi saƙon su kunna allon gargaɗi mai hasken rana, da ko mai tsohuwar mota ya amfana ba tare da ya sayi komai ba. Irin wannan na'ura ce kuma ke ba fitilar danja damar buɗe wa motar asibiti ko ta 'yan kwana-kwana hanya idan ta ji tana tafe.

Hajiya, masu tsara abin sun yi tunanin damuwarki: saƙon ba ya ɗauke da sunan mai mota ko lambarta, kuma ana hatimce shi da wata shaida domin kada wani ya ƙirƙiro haɗarin ƙarya, shaidar kuma tana sauyawa a kai a kai domin kada a bi sawun mota ɗaya. Duk da haka ba zan raina tsoronki ba, domin saƙon ƙarya a hanyar daji da dare zai iya sa direba ya rage gudu daidai inda ake jiransa. Game da babura da masu tafiya a ƙasa, wayar da ke aljihunsu ce ake fatan ta yi musu magana, amma GPS na waya yakan kauce da 'yan mitoci, wanda a cunkoson Muda Lawal ba ƙaramin kuskure ba ne.

Ɗan Tumfure:

Na gode ƙwarai, Malam da Baba da Hajiya. Malam, wannan allon gargaɗi na bakin titi shi ya fi kwanta mini a rai. A hanyar tarayya irin ta Bauchi zuwa Gombe, wa ya kamata mu rubuta wa takarda a kansa, ma'aikatar ayyuka ta tarayya ko gwamnatin jiha? Ina so in kai maganar gaban ƙungiyar unguwarmu ranar Asabar.