Neman kalma: me za mu kira fayawol da Hausa?

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin jarrabawar Security+ ta CompTIA, wato ta ƙwarewa a tsaron kwamfuta, ga aikin ofis tun takwas na safe har bayan la'asar. Sai an yi isha'i nake buɗe littafi, in babu wuta da fitilar waya. Tambayoyi sukan kai 90 cikin minti 90, kuma sai ka ci maki 750 cikin 900 za ka haye. Na lura duk abin da na kasa bayyanawa da Hausa bai zauna mini ba, shi ya sa nake koya wa ƙannenmu a Tudun Wada duk Asabar. Darasin jibi kan fayawol (firewall) ne, wato tsarin da ke tace abin da ke shiga da fita a kwamfuta ko hanyar sadarwa. Me zan kira shi?

Injiniya: Bangon wuta. Asalin sunan ke nan, bangon da magina ke yi don hana gobara tsallakawa.

Malamar Hausa: Haba Injiniya, Bahaushe ya ji haka sai ya ɗauka da wuta aka gina bangon. Katangar tsaro ta fi.

Ɗan Birni: Ganuwa! Ku dubi aikinsa mana. Ba ko'ina yake toshewa ba, ƙofofi masu lamba (ports) yake bari. Ƙofa ta 443 a buɗe don shafukan intanet masu tsaro, ta 22, ta shiga kwamfuta daga nesa, sai wanda aka yarje wa, ta 23 kuwa a garƙame, don Telnet, tsohon tsarin shiga daga nesa da ke bi ta nan, a fili yake tura kalmar sirri. Haka ganuwan Zazzau take: Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, baƙo ya zo a tambaye shi daga ina, zuwa ina.

Bakano: "Ganuwan"? Ganuwar Zazzau ake cewa. Ku fara raba mace da namiji a maganarku tukuna. Mu ma muna da badala.

Ɗan Birni: Zazzaganci ba Hausar aro ba ce, malam. Da ita kakanninmu suka yi sarauta da karatu, ba su jira izinin Kano ba.

Malamar Hausa: A rubuce dai daidaitacciyar Hausa za a bi, ɗana. Amma kalmarka ta fi tawa.

Injiniya: Ban yarda ba. Ganuwa gari take kewayewa, to na cikin Windows fa, mai tsare kwamfuta ɗaya tak? Kuma da Turanci yaran nan za su zauna jarrabawa, kada ku ɓatar da su.

Ɗan Samaru: Wannan gaskiya ne, yaya. Ga abin da zan yi jibi: mai tsare hanyar sadarwa gaba ɗaya ganuwa, mai tsare kwamfuta ɗaya katangar gida, sannan in rubuta sunan Turancin a allo kusa da su. Na gode ƙwarai.

Injiniya: To, gwada. Ni dai fayawol zan ci gaba da cewa a wurin aiki. Ka faɗa mana yadda yaran suka karɓe ta.