Tuƙin kwale-kwale ga yaro mai noƙewa: shawarwarin zauren iyaye

Maman Sadik, Unguwar Rimi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Sadik shekararsa 14, ba ya son ƙwallo, in ya dawo makaranta sai ɗaki da waya. Ko kanti aka aike shi sai ya yi ta noƙewa don kada ya yi magana da mutane. Kawunsa ya ce a gwada masa tuƙin kwale-kwale, wai yana buɗe yaro. Akwai wanda ya san kan abin? Ni dai ruwa tsoro yake ba ni.

Malamin wasanni, Tudun Wada: Wa alaikumus salam Hajiya. Kawunsa bai faɗi ba daidai ba. Abin da ke karya irin su Sadik a filin ƙwallo shi ne idon jama'a. Ya ɓarar da ƙwallo sau ɗaya, 'yan kallo su yi masa ihu, gobe a ajiye shi a benci. A jirgin tsere babu benci, babu tauraro. Babban jirgin mutum 8 ne ke tuƙi, kuma dole filafilansu su shiga ruwa tare su fito tare, kamar mata masu lugude a turmi ɗaya. Wanda ya fi kowa ƙarfi in ya yi gaggawa shi ne zai ɓata tafiyar. Saboda haka yaron da ya iya saurare da natsuwa yakan riga mai rawar kai ƙwarewa. Ranar da bai zo ba kuwa kujerarsa fayau take, jirgi ba zai tashi ba, sai abokai su kira shi suna cigiya. Yaro ya san ana jiransa a wani wuri, wannan kaɗai yana canza yadda yake ɗaga kai.

Baban Ummi, Kabala: Malam, kafin a kai ga ɗaga kai a fara da iyo. Mu da muke kwana kusa da Kogin Kaduna mun san halinsa. Agusta da Satumba ya cika ya batse, har gidaje yake shiga a wajen Kigo Road da Rafin Guza. Kada wanda ya kai yaro bakin kogi a wannan lokacin. A bari sai bayan Nuwamba ruwa ya ja. Ko a lokacin ma akwai duwatsu da ramukan da masu ɗiban yashi suka bari, wuri ka gan shi iya gwiwa, taku biyu ya shanye mutum.

Maman Sadik: To kun ji abin da nake gudu.

Baban Ummi: Kada ki fasa, Hajiya, tsari za ki bi. Ki sa shi koyon iyo a wurin wanka na siminti mai malami, har ya iya tsayuwa a kan ruwa da kayansa a jiki. Sannan rigar ruwa mai hana nutsewa daidai jikinsa, a ɗaure ta tamau, ko da ya iya iyon. Duk mai jirgin da ya ce miki rigar ba dole ba ce, ki kama hannun ɗanki ku tafi.

Anti Nas, Barnawa: Ni ta ɓangaren lafiya zan sa baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 na buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum, kuma binciken da ta fitar a 2019 ya nuna kusan kashi 81 cikin 100 na masu shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan. Tuƙi yana aikin huhu da zuciya ba tare da dukan gwiwa ba. Abin da iyaye suka fi fara lura da shi barci ne: yaron da ya gaji da gaske ba ya kaiwa ƙarfe biyun dare yana latsa waya, kuma mai isasshen barci fushinsa da ƙuncinsa suna raguwa. Sai dai a kula da tsargiya. Ana ɗaukarta ne ta fata a ruwan da dodon koɗi ke zaune, musamman inda ruwa ya kwanta. Ku hana su wanka a bakin gaɓa, in kuma kun ga jini a fitsari a je asibiti, maganinta yana nan. Wani abu kuma, Maman Sadik: in shirun nasa ya haɗa da ƙin cin abinci ko yawan kuka, a ga likita tukuna, wasa ba zai maye gurbin wannan ba.

Kawu Bayawuri, Rigasa: Ku daina maganar kamar daga Turai abin ya zo. Na Turawa daban, suna zama su juya wa inda za su baya, kujera na zamewa, ƙafa ce ke yawancin aikin, tseren Olamfik mita 2,000. Namu kuwa fuska a gaba, filafili ɗaya a hannu. Rigata ta Yawuri tseren jirage ce, a bikin kamun kifi na Argungu ma ana tseren kwale-kwale, Nufawa suna da tasu a Pategi. Ɗan masunci mai shekara 12 yana fito da manya ƙetaren ruwa, ka dubi yadda yake tsayuwa a gindin jirgi, babu inda-inda a tare da shi, domin an damƙa masa amana ya riƙe. Shawarata iyaye biyar ko shida su haɗu, su je wurin sarkin ruwa da girmamawa, a samo dattijon matuƙi da ya san kogin, a riƙa biyansa ya koya wa yara ranar Asabar da safe. Babba ya kasance a cikin jirgin, wani kuma a gaɓa.

Baban Khalifa, Malali: Ni fa ban gamsu ba. Kuɗin iyo, kuɗin riga, kuɗin malami, a wannan tsadar? Keke ko guje-guje a Murtala Square ba za su yi wannan aikin ba?

Malamin wasanni: Ga lafiyar jiki za su yi, Alhaji, ba na musu. Amma mai gudu in ya gaji ya tsaya, kansa kaɗai ya cuta. A jirgi bai isa ya tsaya ba, mutane na gabansa da bayansa. Ya ci gaba ya kai gaɓa bayan ransa ya gama ce masa ba zai iya ba, kuma yana da shaidu. Ga kuma kujerar mai jan ragama, wanda ke riƙe akalar jirgi yana ba da umarni. Ƙaramin jiki ake nema a nan. Yaron da ake rainawa a aji saboda ƙanƙanta shi ne ƙarti 8 ke bin muryarsa. Rigunan kuma in an saya na haɗin gwiwa ne, a riƙa karɓa-karɓa tsakanin yaran da girmansu ya zo ɗaya.

Maman Hanifa, Kawo: Mata fa? Hanifa tana leƙen wayata tana cewa ita ma.

Anti Nas: Ki bar ta, Yaya. Wanda ya fara wakiltar Najeriya a tseren tuƙin kwale-kwale a Olamfik mace ce, Chierika Ukogu, a Riyo 2016, sai Esther Toko ta biyo baya a Tokiyo. A ware wa 'yan mata jirginsu da lokacinsu, uwa ɗaya ta raka su. Dogon wando da riga mai dogon hannu sun wadatar. Hijabin dai ya zama ƙarami mai kama kai, a cusa shi cikin rigar ruwa, domin babba in ya jiƙe nauyi yake yi, yana kuma iya sarƙewa.

Kawu Bayawuri: Wanda yake son ya gwada zuciyar yaronsa kafin ya kashe kuɗi, ya hau jirgin ƙasa daga Rigasa ya kai shi tafkin Jabi a Abuja. Ruwan a kwance yake, ana hawa jirgi. A nan za ka gane ko sha'awa ce ko tsoro.

Maman Sadik: Allah Ya saka da alheri. Na karanta masa duka, ya tambaye ni ko mai jan ragamar ma sai ya iya iyo, na ce masa ƙwarai. Za mu fara iyon wannan hutun. Baban Ummi, ko za ka yi mana jagora wurin sarkin ruwa idan ruwa ya ja?

Baban Ummi: In sha Allahu. Masu so su rubuto shekarun yaransu da ko sun iya iyo, mu san riguna nawa za a nema.

Baban Khalifa: A sa Khalifa, shekara 15, ya iya kaɗan.