Dokar lokaci a suwic ɗin Cisco tana rikicewa in wuta ta ɗauke

Ɗan Birni: Assalamu alaikum malamai. Ɗakin kwamfuta ne na ɗalibai a nan Damagaram, na'ura 20 kan suwic ɗin Cisco Catalyst 2960, wato akwatin da ke haɗa kwamfutocin. Ana so intanet ya buɗe Litinin zuwa Alhamis daga 8 zuwa 5, Juma'a a rufe ƙarfe 1 saboda masallaci. Dokar lokacin da na sa a suwic ɗin tana aiki lafiya, amma da wuta ta ɗauke ta dawo sai ƙofa ta rufe da rana tsaka, ta buɗe cikin dare. Ina matsalar take?

Malam na Zango: Wa alaikumus salam. Agogo ne, ƙanena, dokarka ba ta da laifi. 2960 ba ya riƙe lokaci in ya mutu. Yana tashi sai ya koma 1 ga Maris 1993, sha biyun dare, kuma ranar Litinin ce. Ka lissafa: wuta ta dawo 2 na rana, shi a wurinsa tsakar dare ne, sai bayan awa 8 zai ga "safiya" ta yi, wato 10 na darenmu. Buga `show clock`. In ka ga tauraro a gaban lokacin, suwic ɗin bai amince da agogonsa ba. Sa waɗannan:

`clock timezone WAT 1`
`ntp server 192.168.1.1`

Na farko dole ne, domin Nijar tana gaban UTC, agogon ma'aunin duniya, da awa ɗaya, in babu shi komai zai makara da awa guda. Adireshin layi na biyu na rauta ne, na'urar da ke fitar da ku intanet, in tana ba da lokaci. In ba ta bayarwa sa sabar NTP ta waje, wato mai raba wa na'urori lokaci, ka tabbata suwic yana da adireshi a VLAN da `ip default-gateway`. Yakan ɗauki ƴan mintoci kafin ya daidaita, kar ka yi gaggawa. `clock set` da hannu kuwa ɗaukewar wuta ɗaya ke share shi.

Hajiya ta Sabon Gari: Gaskiyar Malam. Sai dai ka sake duba tsarin ranakun, in `weekdays` ka sa, yana haɗa Juma'a har 5. Raba su:

`time-range KARATU`
`periodic Monday Tuesday Wednesday Thursday 8:00 to 17:00`
`periodic Friday 8:00 to 13:00`

A cikin `ip access-list extended` layin farko ya zama `permit udp any any eq bootps`, ba tare da lokaci ba, don DHCP, mai raba wa kwamfutoci adireshi, ya wuce ko yaushe. Ƙarshen kowace doka akwai hani a ɓoye, to kwamfutar da aka kunna bakwai da rabi ba za ta sami adireshi daga DHCP ba, ta ba kanta adireshi mai farawa da 169.254, wanda ba ya fita intanet, ta zauna, ɗalibi na ta danna abu ba ya buɗewa. Bayansa sai `permit ip any any time-range KARATU`. Ka ɗaura ta da `ip access-group` a bakunan suwic da kwamfutocin ɗalibai ke haɗe, ɓangaren `in` kaɗai 2960 ke karɓa a nan. Bakin da ke zuwa rauta ka bar shi, kar ka toshe wa NTP hanya, UDP 123 yake bi.

Ɗan Birni: Allah ya saka da alheri. Tauraron ya ɓace, `show time-range` yana nuna `active`.

Malam na Zango: Madalla. Buga `write memory` yanzu don adana saitin, sannan ka zare wayar wuta ka mayar ka gani ko agogon zai dawo da kansa.