Shawarwari kan Kiyaye Ranar Asabar ta Yahudawa a Zamanin Waya

1. A wata tattaunawa kan yadda ake kiyaye Asabar, ranar hutun Yahudawa da addininsu ya hana aiki a cikinta, kowa ya yarda a kammala girki tun Juma'a, a kunna kyandir kafin faɗuwar rana, sannan a ajiye waya har taurari uku su fito a daren washegari.

2. Kan lantarki aka fi ja-in-ja. 'Yan Otodoks, wato Yahudawa masu tsananin riƙo da dokokin addini, ba sa taɓa makunni, sai dai su saita agogon da ke kunna fitila da kansa, kuma a otal-otal da yawa na Isra'ila lif kan tsaya a kowane bene don kada a danna maɓalli. Wasu na ganin wannan wayo ne kawai.

3. An kawo hukuncin malaman Conservative (ɓangaren Yahudawa da ya fi Otodoks sassauci) na Amurka na 1950 da ya halatta tuƙa mota zuwa wurin ibada, amma da dama ba su amince ba.

4. Ceton rai kuwa babu saɓani: a kira likita.