Don Allah a taimaka: kwamfutata na kashe kanta da an ɗauke wuta, ga UPS a kunne

Mai shagon buga takardu, Dandima:
Assalamu alaikum jama'a, masana kwamfuta ku taimaka min kafin kwastomomina su watse. Ina da shagon buga takardu nan Dandima hanyar jami'a a Sakkwato, kwamfuta ɗaya ce babba nake aikin furojet ɗin ɗalibai da ita, na haɗa ta da UPS, wato na'urar nan mai batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, mai ƙarfin 650VA da na saya shekara biyu da 'yan watanni da sunka wuce. Da farko in anka ɗauke wuta yana riƙe min ita kusan minti 15, har yaro ya ja janareta ban tashi daga kujera ba. To kwanaki yaron da ke taya ni aiki ya ga wata waya cikin kwalin UPS ɗin, ya ce ai wagga ta USB ce, ana jona ta da kwamfuta a sa manhajarta ka riƙa ganin cajin batir a allo. Na ce bismillah. Tun rannan ban huta ba. Da an ɗauke wuta ko minti ɗaya ba a yi sai saƙo ya fito, Word ya rufe, kwamfuta ta kashe kanta cikin natsuwa kamar ni na sa ta, alhali UPS na nan yana ta tit tit fitilarsa a kunne. Jiya wata ɗaliba na zaune gefena muna gyaran babi na huɗu, tun azahar muke fama da teburan lissafinta, wuta ta ɗan ƙyafta, shi ke nan. Ba ta ce komai ba ta dai kalle ni, wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Wani lokacin ma janareta na kan aiki za ta yi hakan. Mi ke damunta? UPS ɗin ne ya mutu, ko manhajar ce, ko kwamfutar?

Ɗalibi daga Kwannawa:
Wa alaikumussalam. Oga ai kai ka ba kanka amsa, ka ce lafiya lau kake kafin a jona wayar nan. Zare ta ka goge manhajar ka huta, ba sai an kira injiniya ba.

Mai gyaran kwamfuta, Emir Yahaya:
Ƙanena maganarka za ta hana kwamfutar kashe kanta kam, amma ciwon na nan, awa mai zazzaɓi ya fasa ma'aunin zafi ya ce ya warke. Malam kada ka goge komai tukuna, fara gano wa ya ba da umarnin kashewar. Danna Start ka rubuta Event Viewer, wato inda Windows ke rubuta abubuwan da sunka faru, ka shiga Windows Logs, sannan System, ka nemo daidai lokacin da ta mutu jiya. In ka ga lamba 1074 to wata manhaja ce ta ce a kashe, kuma cikin bayanin za ka ga sunanta. In kuwa 41 ka gani ko 6008, mutuwar kwatsam ta yi ba wanda ya yi sallama, a nan kuma sai a fara zargin UPS ɗin kansa. Yadda ka kwatanta, Word ya rufe ta sauka a hankali, 1074 za ka iske.

Ga yadda abin ke aiki. Manhajojin ga, ko PowerChute ne ko PowerPanel ko ViewPower, kusan tunaninsu ɗaya, akwai wurin da ake zaɓa musu ɗayan biyu: ko dai in kwamfuta ta yi minti kaza kan batir a kashe ta, ko kuma a bar ta tana aiki sai ya rage saura minti kaza batir ya ƙare. Na biyun shi ke rikita mutane, don ita manhajar ba ta san gaskiyar batir ba sai abin da UPS ya faɗa mata. A ce an saita sai saura minti 5, shi kuma UPS ya duba batirinsa da nauyin da anka ɗora masa ya ce minti 4 kawai zan iya, ka ga tun kafin a ɗauke wutar an riga an wuce iyaka, da ta ƙyafta sai kashewa. Don haka buɗe manhajar yanzu da wuta, ka duba minti nawa ta rubuta a matsayin lokacin da batir zai riƙe, da kashi nawa na lodi, ka zo ka faɗa muna. Kuma tambaya ɗaya, minti 15 ɗin nan yaushe rabon da ka gwada da agogo?

Mai shagon buga takardu, Dandima:
Injiniya Allah ya saka da alheri. 1074 ne, sunan manhajar na nan ɓaro-ɓaro. Ta rubuta minti 3, caji kuma 100%, wannan ne ya ɗaure min kai, ya za a yi caji ya cika amma minti 3? Saitin kuwa sai saura minti 5 ne kamar yadda ka ce. Maganar gwaji da agogo gaskiya tun yana sabo.

Mai haɗa sola, Mabera:
Alhaji 100% ɗin nan kada ya ruɗe ka, tulu ne da ya cika da laka, ruwa kofi ɗaya ka zuba sai ya ce ya cika. Irin UPS naka galibi batir ɗaya ne ciki, 12V 7Ah, na dalma wanda aka rufe. Masu yin sa kan ce shekara 3 zuwa 5, amma lissafin nan a ɗaki mai zafin digiri 25 suka yi shi, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana raba kwanan batir biyu. To kai ka san Sakkwato a watan Afrilu da Mayu, sama da 40 muke sha, balle shago mai rufin kwano, balle an cusa UPS ƙarƙashin tebur jikin bango ba iska. Ga kuma ɗauke wuta sau ba adadi a yini, kowane ɗaukewa yana cin rabonsa. Shekara biyu ai ya yi ƙoƙari.

Kashe shi ka zare daga soket, ka buɗe ka fiddo batirin. In ya kumbura ko gefensa ya tsage ba sai an gwada ba. In lafiya yake a ido kada ka yarda da mitar awon batir kaɗai, matacce ma yana iya nuna 12.8V in ba a ɗora masa komai ba, jona masa ƙwan fitilar mota ka bar mita a kai, mai lafiya zai tsaya wajen 12, matacce kuwa cikin ɗan lokaci za ka ga yana gangarowa 10. In za ka sayi sabo ka ɗaga shi da hannu, 7Ah na ƙwarai ya kai kilo 2 ko ya ɗan fi, wanda ka ji shi sakayau ajiye musu abinsu ko da an rubuta 9Ah da manyan baƙaƙe.

Wata mai aikin sakatariya, Gawon Nama:
Malam ni tambayata, mi da mi ka jona jikin UPS ɗin? Don mu a ofis haka munka sha wahala, ashe firinta ce wani ya soka a ciki.

Mai shagon buga takardu, Dandima:
Hajiya kin kama ni. Akwai ekstenshan ɗaya da na sa, kwamfuta da allo da firinta mai tona da cajar waya duk suna kai.

Mai gyaran kwamfuta, Emir Yahaya:
Innalillahi. Malam firinta mai tona tana da hita ciki da ke narkar da hodar kan takarda, lokacin da take ɗumama tana iya jan ɗaruruwan wat ita kaɗai, shi kuwa 650VA duka-duka bai wuce wat 360 zuwa 400 ba. Ko batir sabo ne da ta ja za ka ga mintocin sun zube. Fidda ta yau, ta sha wutarta daga bango. Maganar janareta kuma, ƙananan injinan ga wutarsu na hawa da sauka, sai UPS ya ƙi yarda da ita ya koma kan batir kai ba ka sani ba, za ka dai ji shi yana ƙas ƙas. In manhajarka na da wurin Sensitivity, wato saitin saurin komawarsa kan batir in wuta ta ɗan canza, ka sauke shi zuwa Low, kuma a duba injin kada a cika masa kaya.

Ɗalibinmu kuma ga abin da ya sa ban bi taka ba: in mai shagon ya goge manhajar ya bar wayar a jone, sau da yawa Windows kan ɗauki UPS ɗin awa batirin laptop ta ci gaba da kashewa da nata saitin da ke Power Options, in kuma ya zare duka to ranar da batir ya gaza kwamfuta za ta mutu tsakiyar rubutu, a nan ne fayil ke lalacewa. Gara ya bar ta, in akwai zaɓin Hibernate ya sa shi madadin kashewa, in an kunna ya iske aikinsa inda ya bari. Word ma ya shiga Options, Save, ya mai da ajiyar kai-da-kai daga minti 10 zuwa 2.

Ɗalibi daga Kwannawa:
Na sallama Injiniya, ni dama tawa laptop ce.

Mai shagon buga takardu, Dandima:
Jama'a ga yadda ta kaya. Na cire firinta, nan take minti 3 ya koma 6. Na buɗe UPS na iske batirin ya yi ciki har sai da na sa sukundireba na ɓanɓaro shi. Na sa sabo, na bar shi kan caji kwana guda, yau da safe na zare filogi da gangan na riƙe agogo, minti 13 ta yi kafin ta shiga Hibernate, na kunna komai na nan. UPS ɗin ma na ɗauko shi daga ƙasan tebur na aza kan benci wajen taga. Saura ƙas ƙas ɗin janareta, na sauke saitin ya ragu amma in yaro ya kunna na'urar fotokofi yana dawowa. Injiniya sitabilaiza za ta yi maganin wannan ko injin ne ya yi ƙarami?

Mai gyaran kwamfuta, Emir Yahaya:
Sitabilaiza ƙarfin wuta take daidaitawa, ba ta gyara gudun inji in ya shaƙe. Duba jikin janaretan ka faɗa min kVA nawa anka rubuta, wato ƙarfinsa, da wat ɗin da ke bayan na'urar fotokofin, sai mu yi lissafi bayan la'asar.