Musayar waƙa: Kambun bana, ina dattijai?

Mai gidan kallo, Tudun Wada, Gusau:
Salamu alaikum. Lokacin rabon kambun fim ya zagayo, kuma abin da na gani ya tsaya mini a rai. Amsa-amon "ba" ne, mai tankawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah zan fara, jama'a ku saurara,
Lokacin kambu ya zo, gari duk ya ɗau ƙara,
An jero 'yan takara, kusan duka tsara,
Na duba har ƙasa, ni ban ga furfura ba.

A 1990 Turmin Danya ya shigo kasuwa,
Aikin 'yan wasan Kano, ƙungiyar Tumbin Giwa,
Mandawari na ciki, matashi mai tasowa,
Waɗanda sunka dasa icen ba su sha inuwa ba.

Ɗaliba, Jami'ar Tarayya Gusau:

Baba, da izininka zan ɗan sa baki,
Kambun shekara ladan bana ne na aiki,
Ko Argungu ran su, in an fito ana ɗoki,
Kifi ake aunawa, ba shekarun masunci ba.

Yaran nan sun kawo fim mai dogon zango,
YouTube ta ɗauke mu, shagon kaset ya zam kango,
Duk mako muna jira kamar amarya da ango,
In sun ci kambu, ai ba sata suka yi ba.

Tsohon malamin firamare, Talata Mafara:

Ɗiyata, kin yi magana, misalinki ya zauna,
Sai dai a Matan Fada a fili aka auna,
Nan ko ƙuri'ar waya ce, mai mabiya ka murna,
Tsoho da 'yar Nokia bai san ana yi ba.

Kasimu Yero ya rasu 2017 a Kaduna,
Samanja 2023, tsohon soja mai suna,
Ran rasuwa kowa ya sa hoto, ana ta nuna ƙauna,
Yabon da anka yi musu, kunnensu bai ji ba.

Mai ɗaukar hoton biki, Ƙaura Namoda:
Kawu, kun yi ta jarumai, ku bar ni in yi ta daraktoci.

Ni mai kyamara ne, biki da suna nika ɗauka,
Na san nauyin ƙarfen nan in rana ta yi duka,
Darakta ka cewa a sake, sau goma ana maimaita aika,
Fosta ta fito, ba a sa fuskatai ba.

Shi ka yanka labari ya jera shi fita-fita,
Ya zauna da mai tacewa har asuba ta gabata,
Jaruma in ta yi hawaye mu ce baiwa ce tata,
Wanda ya jawo hawayen ba mu tambaya ba.

Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, wa ya ɗauka?
Adamu Halilu ne, 1976, in ka bincika,
Kawu, tambayi yara goma nan ƙofar gidanka,
Da wuya ka samu wanda bai ce "wane ne?" ba.

Inna mai atamfa, kasuwar Tsafe:

'Ya'yana, kun lissafa maza kun bar mata,
Daso in ta fito uwar miji, har ni nakan tsorata,
Azumin 2024 Allah ya ɗauke ta,
Har yau gurbin nan nata ba a cike shi ba.

A 2022 Ladin Cima a BBC ta koka,
Kan ɗan abin da aka ba ta in an gama ɗauka,
Gardama ta tashi, wasu musu, wasu suka,
Kambun gilashi dai bai taɓa cika tukunya ba.

Ɗaliba, Jami'ar Tarayya Gusau:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Inna, kin taɓa mini zuciya.

Inna na ji, na kuma sauko rabin hanya,
A bar wa yara nasu, kar a ce sun yi ƙarya,
A ware na dattijai, a haɗa da kuɗin jinya,
A kai musu har gida, ba sai sun yi roƙo ba.

Tun 2024 Ali Nuhu ke riƙe da hukuma,
Ta fim ta ƙasa, masu shirya bikin Zuma,
Ɗan gida ne, ya yi wasa da iyayen nan kuma,
In an kai masa koke, ba zai ce bai san su ba.

Mai gidan kallo, Tudun Wada, Gusau:

Ɗiyata, na yarda, Allah shi yi miki albarka,
Juma'a bayan la'asar tsoffin kaset zan ɗauka,
Kallo kyauta ne, mai hoto taho da injinka,
Nawa tun damina har yau bai tashi ba.