Koyon na'ura ko horon na'ura? Malaman Damagaram, ku zo mu yanke

Ƴan uwa malaman lise, wato babbar sakandare, ina cigiyar kalma. Jiya muna gyaran takardun jarrabawar shimi, wato kimiyyar sinadarai, zufa na zuba, wani abokin aiki ya ɗauko zancen kwamfutar da ke karanta amsar ɗalibi ta ba shi maki. Ingilishi na cewa machine learning, Faransanci kuma apprentissage automatique. Mu fa?

Ga yadda abin yake. Malamai su gyara ɗaruruwan amsoshi da hannu, a loda wa kwamfuta kowace amsa tare da makinta. Ba a rubuta mata doka ɗaya bayan ɗaya, ita ke lura da irin kalmomin da ke tafiya da maki mai kyau. Sannan a miƙa mata amsoshin da ba ta taɓa gani ba, a gwada makinta da na malami. Abin ma ya kwana biyu: Arthur Samuel na kamfanin IBM ne ya yaɗa sunan machine learning a 1959, da shirinsa mai buga dara irin ta Turawa, Ellis Page kuwa, wani malamin jami'a, tun 1966 yake maganar kwamfuta ta yi wa rubutun ɗalibai maki a Amurka.

A intanet na fi ganin "koyon na'ura". Ni dai bai kwanta mini ba. In an ce yaro yana koyon mota, wa ke koyo? Yaron. Koyon keke ma haka. To duk wanda ya ji koyon na'ura a kasuwar Dole ta Damagaram zai ɗauka makaranta aka buɗe ta koya wa mutane danna kwamfuta.

Wani mushe, wato malamin makaranta, daga unguwar Zango: Malam, tunda Faransanci ya ce apprentissage, mu ce aparantin na'ura mana, a huta.

Ranka ya daɗe, na yi dariya, amma sai a zaci karen mota ne.

Wata madam mai koyar da shimi: Malam, ni "kwaikwayon na'ura" na zaɓa, don ba ta fahimtar komai. Ka ɗauki kalmar narke. Yaro zai ce gishiri ya narke a ruwa, ya ce kitse ya narke a wuta, alhali a shimi abu biyu ne. Kitse zafi ne ya mai da shi ruwa-ruwa. Gishiri kuwa ruwa ne ya rarraba ƙwayoyin sodiyam da kulorin da ke cikinsa. In da wuta za ka narkar da shi, sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Selsiyus. Yaranmu da Hausa suke tunani, sai su rubuta fondre, narkewa da zafi a Faransanci, inda ake son dissoudre, narkewa cikin ruwa. In malamin da ya yi gyaran farko ya kau da kai, na'urar ma haka za ta yi har abada.

Madam, wannan misalin naki shi ya sa na koma "horon na'ura". Kwaikwayo ya yi kusa, sai dai kunnen Bahaushe wasan kwaikwayo zai jiyo. Horo kuwa, ɗan garin da ake hawan salla bai buƙatar bayani: horon doki, dokin ne ake horarwa, kuma in ya fito da mugun hali, mai horon ake tambaya. Kalmar ma tana juyuwa: a horar da na'ura, horarriyar na'ura, amsoshin horo.

Mushen Zango: Horo ai har da bulala, Malam.

Da shi, amma ba wanda ya taɓa jin horon soja ya ce dukansu kawai ake yi. Ni daga yau horon na'ura zan riƙa faɗa a aji. Madam, saura ke: ki nemo mana kalmar da za ta raba narkewar gishiri da ta kitse kafin jarrabawar bak ta gama lise ta iso.